Rigar da Na Ƙi Karɓowa

Kafaɗarta na fara gani. Muna cikin motar babanku, muna gangara wani titi a Maitama, ruwan farko ya sauka da safe ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi. Sai ga wata mata a gefen hanya ta ɗauko tukunyar shuka, ba a ka ba, a kafaɗa, furanni jajaye suna leƙowa ta bayan kunnenta suna rangaji duk takun da ta yi. Zanen jikinta ya koɗe har ba a gane launinsa na asali. Amma wuyanta a miƙe yake, tafiyarta kuwa kamar titin na gidansu ne. Na ce wa babanku ya tsaya. Ya ce lafiya? Na ce fure zan saya. Ya yi dariya, don ya san gidan da gwamnati ta ba mu a Garki ko wurin shanya bai ishe mu ba, balle shuka. Amma ya tsaya.

Wannan matar ita ce Ladi, kuma a kanta ne gwaggonku Saude ta yi shekara da shekaru tana gaya muku cewa uwarku ta zubar wa ubanku da kujerar darakta saboda tsumma. Na ji ta da kunnena ranar sunan jikata ta fari, tana faɗa wa surukaina, tana tafa hannu, su kuma suna girgiza kai. Ban tanka ba, don gidan suna ne. Yau zan tanka. Ba tsumma ba ne. Riga ce da zane da ɗankwali, da hannuna na yanka su, kuma za ku ji yadda aka yi tun ina da idon rubutu.

Kada ku auna ni da tsohuwar da kuke gani yanzu. Ni 'yar Kano ce da ta tashi a kan littattafan soyayya, irin waɗanda muke karɓa haya a bakin kasuwa mu ɓoye a ƙarƙashin hijabi. Kusan kowannensu akwai lambu a ciki. Budurwa za ta fito da la'asar cikin atamfa mai furanni, iska ta ɗaga gefen mayafinta, saurayi ya hango ta ya manta abin da ya kawo shi. Mu kuwa a lungunmu babu ko ciyawa, sai kwata da awaki. Na koyi ɗinki ne don in ɗinka wa matan cikin littafin nan kaya, ko da ba za su taɓa zuwa awo ba. Da aka yi wa babanku canjin aiki zuwa Abuja, shekarun nan da soja suka koma bariki, kuɗi ya fara yawo a gari, wayar hannu ta shigo, ko'ina ana haƙa harsashin bene, sai na tarar da lambun da nake karantawa yana nan da gaske. A nan ruwa yana riga na Kano sauka. Tun ana tsakiyar zafin bazara sai hadari ya haɗu a kan duwatsu ya zuba, kafin ka ankara itatuwan bakin titi sun yi jajawur, wasu rawaya, wasu ruwan hoda. Lambu na samu. Matar cikin lambun ce ban gani ba sai ranar nan.

Wurinta a bakin wani ɗan rafi yake, inda take renon shuke-shuke a leda da tukwane tana sayar wa masu manyan gidaje. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Madam, wanne kana so?"

Na ce, "Ke Bagwariya ce, ko?"

"Gbagyi," ta gyara mini tana murmushi. "Gwari ku ne ya sa mana."

Na ji kunya, na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai. Ta nuna mini wani katafaren gida a hayin rafin, mai fitilu jere a kan katanga.

"Ka ga wancan gida? Gonan doya na babana ke nan. Inda motoci yana kwana, nan aka binne cibiyana."

Na san gidan. Na Alhaji ne, babban sakataren ma'aikatar da babanku yake aiki. Matarsa Hajiya Zulai ce, wadda matan ma'aikata muke zuwa gaisarwa duk salla mu zauna a kan kafet.

Daga ranar na mai da wurin Ladi wurin zuwana. In kai muku abinci makaranta, in biya, mu zauna a kan bulo muna hira. Ita ta ba ni ganyen da ya warkar da ƙurajen da suka addabi autana. Mijinta ya rasu da daɗewa, kuma tun rasuwarsa ba ta ɗaura sabon zane ba. Abin da ta samu yana tafiya makarantar 'yarta. Wata rana ta ce mini Istar bana matan cocinsu sun zaɓe ta ta riƙe kwandon godiya ta wuce gaba, amma za ta ce musu a ba wata.

"Da wannan zane zan wuce gaban mutane? Allah ma zai ce, Ladi, koma ka zauna."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

A makon ne na ga atamfar a kasuwar Wuse, sabuwar shigowa, ko ledarta ba a cire ba. Jikinta ruwan madara, furanni jajaye manya suna hawa a kan reshe, ganye kore shar mai duhu, da ɗan ɗigon rawaya a tsakiyar kowane fure. Ina ganinta na ga kafaɗar Ladi. Ku sani, atamfa mai fure ba a yanka ta yadda ake yanka sauran. Yawancin teloli shimfiɗawa suke su bi awo da almakashi, duk inda fure ya faɗa ya faɗa, sai ka ga mace da rabin fure a hammata, ko wani ƙaton fure ya zauna mata inda bai kamata ido ya tsaya ba. Ni sai na shimfiɗa turmin a tsakar ɗaki na yi ta zagaya shi da alli a hannu. Fure dole kansa ya dubi sama, kamar yadda yake a jikin itace. Ba a datse shi a ɗinki. Inda gefe biyu za su haɗu, reshe ya sami reshe, ya ci gaba da hawa. Na tara manyan furannin a gindin zane, na bar su suna raguwa suna hawa, na bar ƙirjin rigar fili, sannan na kai fure guda ɗaya tak kan kafaɗar hagu, inda take ɗora tukunya. Ɗankwali kuwa ban yi shi da atamfar ba, kada furanni su yi faɗa da fuska. Na nemo yadi kore mai duhu, launin ganyen. Haka ake yi wa fure, a nemo mafi ƙarancin launi a jikinsa a ba shi ya zama abokin tafiya, a bar gwal a akwati.

Da na kai mata, sai da ta wanke hannu har gwiwa kafin ta taɓa. Ta shiga bayan bukka ta sa, ta fito. Wallahi duk littattafan da na karanta babu wanda ya kwatanta abin da na gani daidai. Ta tsaya a tsakiyar shukokinta, ta dubi kafaɗarta, ta rufe baki da hannu.

"Madam, wannan ni ne?"

Na ce, "Ke ce, Ladi. Kyauta ce. Ki riƙe musu kwandon."

Ragowar ƙyallen na naɗe na yi ɗankwali, na ɗaura na je gaishe da Hajiya Zulai, don an sa bikin 'yarta Nabila wadda ta dawo daga karatu a Ingila. Ina shiga falo yarinyar ta miƙe tsaye.

"Mami, ga shi nan! Wannan shi ne sifirin ɗin da nake gaya miki!"

Na tambayi mene ne sifirin. Ta ce a can lokaci ne da sanyi yake wucewa furanni su fito, mata su sa kaya masu fure, kuma haka take son bikinta. Na ce ai mu ma ga shi nan a bakin titi, farkon ruwa muke ce masa. Nan take aka yanke cewa atamfar nan ita ce ankon biki, ni kuma zan yanka wa amarya da ƙawayenta na kusa. Na zana musu yadda na yi, furanni a ƙasa, guda ɗaya a kafaɗa, ɗankwali kore. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

To ga abin da gwaggonku ba ta faɗa muku. A wannan zaman, a gaban Nabila, na ce wa Hajiya na riga na ɗinka wa wata irinta.

"Wa ke nan?"

"Wata ƙawata ce, ranki ya daɗe."

"To ai sai a ba ta kati ta zo. Ta huta sayen anko."

Ban yi ƙarya ba. Ƙawata ce. Hajiya ce ta ɗauka ƙawar matar mataimakin darakta ba za ta wuce matar wani ma'aikaci ba. Su manyan matan lokacin al'adarsu ke nan, in sun zaɓi anko sai su kulle atamfar, a aika kasuwa a kwashe duk turmin da ya shigo, har na Kano da Legas in an samu, kada a gan ta a jikin kowa kafin ranar, kada kuma a gan ta ranar a jikin wanda ba a kira ba. Anko shi ne katin shiga. Haka Hajiya ta yi, ta kwantar da hankalinta.

Ana saura 'yan kwanaki biki, Ladi ta fito da kayan ta rataye a reshe tana nuna wa matan cocinsu. Motar Hajiya ta zo wucewa.

Aka aiko direba ya ɗauko ni. Na tarar da Hajiya a falon sama, ba ta ce in zauna ba.

"Rabi, ashe mai sayar da fulawar bakin rafi ce ƙawar taki?"

"Ita ce, ranki ya daɗe."

"Matan ministoci za su sa atamfar nan. Matan gwamnoni za su sa. Su fito daga gidana su gan ta a jikin mai kwasar taki? Kin san abin da za a ce? Za a ce ankon gidan Zulai a bakin titi ake tsinta."

Na ce ai coci kawai za ta je da ita, kuma kafin a zaɓi ankon na ba ta. Ta ɗaga mini hannu. Ta turo mini wata leda da ƙafa. Leshi ne mai duwatsu, irin wanda ko a mafarki ban taɓa sa wa almakashi ba.

"Ki kai mata wannan, ki karɓo mini waccan. Ta ci riba. Jiya ma Alhaji yake zancen mijinki Habibu, wai a cikin masu jiran darakta babu kamarsa. Na ce masa ai matarsa ma yarinyar kirki ce, mai jin magana."

Ta yi murmushi. Ni ma na karanta littattafai, na san irin wannan murmushin.

A lokacin gwaggonku Saude tana gidanmu, ta zo ganin likitan ido ta zarce da zama. Ban gama ba da labari ba ta dafe ƙirji.

"Yau na ga ikon Allah! Ke Rabi, tunanin me kike yi? Tashi ki karɓo! An ba ta leshi, me ya rage? Ita da ko takalmi ba ta da shi?"

Na ce, "Yaya, kyauta na ba ta."

"Kyautar ƙaniya! Ɗan'uwana ya yi shekaru yana ɗaukar jakar mutane, sai da ya zo bakin ƙofa za ki rufe masa da zane? Littattafan nan ne suka cinye miki kai. Kin ɗauka duniya lambu ce."

Babanku yana zaune yana jujjuya makullin mota. A littafi, nan ne miji yake miƙewa ya ce ko za a kore shi daga aiki babu mai wulaƙanta matarsa. Na zuba masa ido ina jira. Bai miƙe ba. Ya ce a hankali, "Rabi, ki taimake ni. Mu je kawai, ni zan kai ki." Na ɗauki ledar na bi shi.

Da la'asar muka isa. Ya tsaya a bakin titi, inda ya tsaya ranar farko, ya kashe mota, ya ce yana jirana. Na gangara da leda a hannu. Ladi tana ba shuka ruwa. Ta dubi fuskata, ta dubi ledar, ta ajiye bokiti. Ashe mai kula da lambun gidan Hajiya ya riga ya gaya mata komai. Ban buɗe baki ba ta shiga bukka ta fito da kayan a ninke, ta naɗe su a cikin sabuwar jarida kada ƙura ta taɓa.

"Karɓa, Madam. Kar oga ya rasa girma saboda ni. Na riga na sa shi sau ɗaya, na gani. Ya isa."

Ta miƙo da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Rusunawar nan ce ta ƙona ni. Matar da na fara gani tana taka titi kamar na gidansu, ga ta tana rusuna mini don in karɓe abin da na ba ta. An karɓe gonar ubanta an yi wa motoci ɗaki, ba ta yi faɗa ba. Yanzu daga gidan da aka gina a kan cibiyarta an aiko a tuɓe mata riga, kuma ni aka aiko. Ni! Na tura mata kayan a ƙirji.

"Mayar ki ajiye. Ranar Lahadi ki sa, ki riƙe kwandonki, ki wuce gaba."

"Madam, wahala zai zo."

"Ta zo."

Na hau tudu na koma mota da leshin a hannuna. Ku saurara da kyau a nan, don nan ne labarin gwaggonku ya karye. Daga inda babanku yake zaune yana ganin komai. Ya ga ta miƙo, ya ga na mayar. Ladi tana nan tsaye da kayan a hannu, tana duban motar, tana jiran ko shi zai sauko. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Da ya buɗe ƙofa ya miƙa hannu, da ta ba shi har da godiya. Ya daɗe yana dubanta ta gilashi. Sannan ya murza makulli.

"Ja ƙofar da kyau," ya ce mini, "ba ta rufu ba."

Abin da ya faɗa ke nan har muka isa gida.

Washegari na mayar wa Hajiya leshinta da kaina, na ce ta gafarce ni, ban iya ba. Da yamma direba ya zo ya kwashe ɗinkin amarya da ƙawayenta, wanda na yanka da wanda ban yanka ba, har da turmin da aka ba ni nawa. Aka kai wa wani tela mai suna a gari, shi kuma ya bi su da almakashi yadda aka saba.

Aka ɗaura aure ranar Asabar, liyafar mata ta faɗo Lahadi da rana, ranar Ista. Babanku ya ce dole in je, kada a ce gaba muke yi. Na sa shadda fara ba ado, na tafi. A geti aka tare ni. Masu gadin haya aka ɗauko don bikin, ba su san kowa ba, umarni ɗaya aka ba su, mai anko ta shiga, marar anko ta tsaya. Na tsaya a rana tare da direbobi da maroƙa, motoci suna sauke mata, ina kallon atamfata tana wucewa a daddatse, wata da rabin fure a hammata, wata furenta kai a ƙasa, an lafta musu gwal har wuya ba ya juyawa.

Can sai ga Ladi. Ba da niyya ta zo ba, kada kowa ya gaya muku haka. Tana dawowa daga coci mai lambun gidan ya tare ta a hanya, hankalinsa a tashe, wai rana ta kwantar da furannin gaban rumfar amarya, ta taimaka ta kawo wasu yanzu-yanzu. Ta ce bari ta sake kaya, ya ce babu lokaci. Ta ɗauko tukunya ta nufi ƙofar baya inda ta saba bi, ta tarar motar masu abinci ta toshe ta. Ta zagayo gaba tana raɓe-raɓe. Maigadi ya hango ruwan madara da jan fure, ya ƙame, ya sara mata, ya wangale geti.

"Sannu da zuwa, Hajiya!"

Ta waiga ta ga ko da wata a bayanta. Sai ta hango ni.

"Madam! Me kana yi a rana?" Ta juya wurin maigadin. "Wannan tare muke."

Ya sake sarawa. Haka na shiga bikin 'yar Hajiya Zulai, a bayan Ladi, da izininta. Tana tafe a kan jan kafet, tukunya yau a kafaɗar dama, furen da na ɗinka a ta hagu, ɗankwali kore, babu ko zobe a hannunta. Mata suka riƙa juyowa. Na ji wata tana tambayar ta kusa da ita matar wane ce, kuma wane tela ne ya yi mata. Ladi ta ajiye tukunyar a gaban rumfa, ta gyara mata zama, ta juya ta fita ta inda ta shigo. Hajiya tana zaune kusa da amarya. Idonmu ya haɗu.

Kafin damina ta yi nisa aka mayar da babanku Idu, kula da ɗakunan ajiyar ma'aikata, cikin tsofaffin kujeru da injinan da suka mutu. Kujerar darakta aka ba wanda ya shigo aiki a bayansa. Babu takardar da ta ce saboda riga ne, kuma ba zan rantse ba. Amma a can ya ƙare aikinsa. Makarantar da kuka so ba ku shiga ba, gidan da muka yi ta zanawa a baki ba mu gina ba, kuma matan ma'aikata da suke kawo mini ɗinki suka ɗauke ƙafa kamar an yi musu shela. Ban ce ba a biya ba. An biya, ku ma kun biya ba tare da an tambaye ku ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce ni na yi laifin. A gari guda a sami mai aikawa a tuɓe wa bazawara riga don kada ta yi kama da baƙinta, a sami mai hukunta miji don matarsa ta ƙi aiken, sannan gwaggonku ta zagaye su duka ta nuna ni da yatsa? Har gobe ban yarda ba.

Babanku ya yi makonni ba ya yi mini doguwar magana. Na yi ta jiran ɗaya daga biyu, ko ya zazzage mini faɗa ko ya riƙe hannuna ya faɗi kalaman da ake faɗa a shafin ƙarshe. Bai yi ko ɗaya ba. Ranar da aka yi albashin farko bayan komawarsa Idu, na ji yana kiciniya a bayan mota. Na leƙa, sai ga shi rungume da tukunyar shuka, ƙasa ta ɓata masa gaban riga.

"Ina za a ajiye wannan?"

Na ce, "Daga ina?"

"Daga bakin rafi. Matsa mini, tana da nauyi."

Maitama ba a kan hanyar Idu take ba. Duk ƙarshen wata sai ya kawo wata, har igiyar shanya ta rasa wuri. Furannin da kuka yi wasa a ƙarƙashinsu, kuka tsinka na dake ku, daga nan suka fito. Gwaggonku ta sha zama a inuwarsu tana zagina.

Ladi kuwa ba ta daɗe a bakin rafin ba. Aka zo aka ce wurin na wani ne, aka share shi, yanzu bene ne mai gilashi. Ta koma can bayan Zuba wajen danginta, tana sayar da mangwaro da dashen itatuwa a bakin hanyar Kaduna. Muka riƙa gaisawa jefi-jefi, sannan tsufa da nisa suka shiga tsakani. Bayan babanku ya yi ritaya, wata safiya a farkon ruwa, wata mata cikin kayan ma'aikatan jinya ta yi sallama. Ta ce ita ce Rifkatu, 'yar Ladi. Ta ce mamanta ta rasu jiya. Ta ajiye wani ƙunshi a gabana, naɗe da jarida. Ta ce duk Ista sai maman ta sa kayan nan, ta dawo ta ninke, kuma ta bar wasiyya cewa da su za a sa ta. Su ba kamar mu ba ne, da tufafinsu suke tafiya. Sai dai ciwo ya ramar da ita ƙwarai, rigar ta yi mata yawa, kuma ta ce kada a ba kowa ya rage sai Madam, don sauran za su yanka mata fulawa.

Na zauna a kan keke, idona ba ya ganin ramin allura, babanku ne ya zura mini zare. Na rage ta ta ciki, na ninke, ban sa almakashi ba. Ruwan madarar ya ɗan yi duhu, amma furen kafaɗa yana nan da jansa.

Shi ya kai ni Zuba. Muka tsaya a bakin hanya, mutanenta sun taru a gindin wani mangwaro suna waƙa da harshensu. Na ɗauki ƙunshin na buɗe ƙofa, na ce ba zan daɗe ba. Sai na ji ƙofarsa ita ma ta buɗe. Ya zagayo, ya gyara hularsa, ya karɓi rigar daga hannuna, ya riƙe ta da hannu biyu, muka gangara tare.